Yadda Ake Shirya wa Gwajin Shiga Ƙungiyar Okestura, Daga Neman Gurbi Zuwa Shekarar Gwaji

A manyan ƙungiyoyin okestura na Turai da Amurka, wato taron makaɗa da masu busa da ke kiɗa tare a ƙarƙashin jagora ɗaya, wanda ya samu kujera ba ya cika barinta sai ya yi ritaya ko ya koma wata ƙungiyar. Ƙungiya mai makaɗa kusan ɗari tana da masu biyolin, wato gogen Turawa, kamar talatin, amma masu busa taramfet uku ne ko huɗu, mai busa tuba kuwa ɗaya tal. Shi ya sa duk ranar da aka sanar da gurbi takardu ke kwararowa daga ƙasashe daban-daban, wani lokacin fiye da ɗari a kan kujera guda. Wanda aka gayyata kuma minti biyar zuwa goma yake samu a zagayen farko, sau da yawa a bayan labule, alƙalai ba su ga fuskarsa ba, ba su san sunansa ba.

Abin da ake aunawa a waɗannan mintoci shi ne abin da hannunka zai fitar a karon farko, da sanyin yatsu da bugun zuciya, ba tare da damar maimaitawa ba. Ƙwararru da yawa suna faɗuwa domin sun saba kiɗansu ya yi kyau a karo na biyar cikin ɗakinsu. Duk matakan da ke tafe a kan wannan suka doru. Yawancin misalan daga biyolin na ɗauko su, amma mai busa da mai ganga za su ga nasu a ciki.

Mataki na farko: ka san irin gwajin da za ka shiga

A Jamus, inda ake da ƙungiyoyin okestura na ƙwararru fiye da ɗari da ashirin, sunan gwajin Probespiel. Zagayen farko ga mai biyolin kusan kullum konceto ne, wato dogon kiɗan da makaɗi ɗaya ke ja ana yi masa rakiya, na Mozart, na 3 ko na 4 ko na 5, babi na farko, tare da mai fiyano. Zagaye na biyu babban konceto ne irin na Brahms ko Sibelius ko Tchaikovsky. Sai a ƙarshe a zo kan tsakure, wato gajerun yankuna masu wuya da aka ciro daga manyan kiɗe-kiɗen da ƙungiyar ke yi. A wurare da yawa 'yan ƙungiyar ne da kansu ke zama a zaure su saurara, su kaɗa ƙuri'a.

Amurka ta fi ba tsakure nauyi tun daga zagayen farko. Za a ce ka yi minti ɗaya ko biyu na konceto ba rakiya, sannan a jero maka tsakure huɗu ko biyar. Ƙaramin kwamiti ne ke saurare, babban jagoran ƙungiyar kan shigo a zagayen ƙarshe. A can labule ya fi ƙarfi: ƙungiyar Boston ta fara amfani da shi a 1952, sauran suka biyo baya musamman a shekarun 1970 da 1980, har ana shimfiɗa darduma don kada ƙarar takalmi ta nuna mace ce ko namiji. Labulen yana da dalili. A 1980 Abbie Conant, mai busa tirambon, ta ci gwajin ƙungiyar Munich a bayan labule, alƙalai suna zaton namiji ne. Daga baya aka rage mata matsayi, ta shafe shekaru a kotu kafin ta karɓo kujerarta.

A Birtaniya cin gwaji ƙofa kawai yake buɗewa. Za a ba mutum biyu ko uku ko fiye damar zuwa su zauna cikin ƙungiyar lokaci-lokaci, ana kallon aikinsu, kuma wannan na iya ɗaukar watanni, wani lokacin ya haura shekara, kafin a zaɓi ɗaya. In ba ka da guzurin wannan jira, ka san da shi tun kafin ka nema.

Ana samun sanarwar gurabe a shafukan Muvac da Musical Chairs, da mujallar das Orchester a Jamus, da International Musician ta ƙungiyar ƙwadagon makaɗan Amurka.

Mataki na biyu: takardar nema

Shafi ɗaya ya isa. A sama ka jera ƙungiyoyin da ka yi aiki da su da matsayinka a kowacce, sai malamanka da makarantarka. Masu tacewa aikin okestura suke nema, don haka gasar da ka ci kana yaro ba za ta ɗauki hankalinsu ba. Kada ka kumbura komai: wanda ya maye gurbin wani na mako biyu ya rubuta hakan, domin duniyar nan ƙarama ce, waya ɗaya ta isa a gano gaskiya.

Idan shafin ya yi fayau, aikin da ke gabanka shi ne cika shi kafin ka fara harin manyan kujeru. Akwai makarantun horo da ƙungiyoyi suka kafa domin wannan. Karajan Akademie ta ƙungiyar Filhamonik ta Berlin, wadda aka kafa a 1972, tana ɗaukar matasa na shekara biyu suna zama kusa da manya. New World Symphony ta Miami, tun 1987, aikinta kenan. Ga makaɗi ɗan Afirka akwai Chineke! a Birtaniya, wadda Chi-chi Nwanoku, mai kaɗa babban goge kuma 'yar wani ɗan Najeriya, ta kafa a 2015 domin makaɗa baƙar fata da sauran tsiraru. A Amurka, tun 2018, ƙungiyar Sphinx ta Detroit da New World da haɗaɗɗiyar ƙungiyar okesturocin ƙasar suna tallafa wa baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka da horo da kuɗin zuwa gwaji. A gida kuwa, ƙungiyar kiɗa ta MUSON da ke Legas, wadda aka kafa a 1983, tana da makaranta da okestura. Gana na da ƙungiyarta ta ƙasa tun 1959. Akwai ta Alƙahira, da na Cape Town da Durban da Johannesburg. Mai busa da ya taso cikin 'yan badujalar soja ko na 'yan sanda kada ya raina wannan horon, domin karatun takarda da riƙe bugu cikin jama'a a can ake koyonsu.

In an nemi bidiyo, ka karanta sharuɗɗan sau biyu. Yawanci ana so a ɗauka a zama ɗaya, ba yanka, ana ganin hannayenka duka.

Mataki na uku: tsakure, da abin da ke kewaye da su

Ranar da jerin ya iso, ka buga takardun da ƙungiyar ta aiko, ka yi aiki da su su kaɗai, domin bugu-bugun littattafai sukan bambanta a alamomi. Sannan ka nemo babbar takardar da ke ɗauke da layin kowane makaɗi. Tsofaffin ayyuka suna nan kyauta a shafin intanet na IMSLP. Ka saurari kowane aiki dukansa daga ƙungiyoyi uku ko huɗu, har da ita wadda kake nema in tana da faifai, ka rubuta saurin da kowacce ta ɗauka. Naka saurin ya zauna a tsakiyarsu. Gwaji ba wurin fito da sabon ra'ayi a kan sauri ba ne.

Dalilin wannan wahala shi ne alƙalan sun kaɗa waɗannan ayyuka shekara da shekaru. Kana kaɗa layinka kai kaɗai, su kuwa suna jin sauran ƙungiyar a cikin kansu. Da ka gajarta wani shiru, ko ka ja sautin da ya kamata ka sakar wa masu busa, nan take za su gane ba ka san abin da ke gudana a kewayenka ba.

Ɗauki shafin farko na Don Juan na Richard Strauss, wanda da wuya mai biyolin ya je gwaji bai gamu da shi ba. Strauss ya rubuta saurin bugu 84 a minti, kowane bugu rabin gaɓa, wato rabin ɗan yankin da ake kasa kiɗa da shi a takarda. Kiɗan yana farawa da ɗan gajeren shiru, sannan yatsu su ruga sama. Mai tsoro yakan haɗiye shirun ya faɗa cikin gudun, sai sautukan farko su cakuɗe, daga nan kuma ba ya sake samun ƙasa. Kafin ka ɗora baka a kan tsirkiya, ka ƙirga gaɓa biyu cikakku a zuciyarka, ka ja numfashi a kan bugun, ka bar shirun ya samu haƙƙinsa. Wani tarkon kuma shi ne ƙarfi. Saboda ƙungiya duka ce ke rugugi a faifai, sai mutum ya danne baka yana son ya yi ƙarar mutum goma sha shida shi kaɗai, amon ya shaƙe. Abin da ake so a ji shi ne amon da zai narke cikin na sauran.

Scherzo, wato babi mai sauri, na simfoni ta 2 ta Schumann wata jarrabawar ce daban: ƙananan sautuka a jere ba hutu, a saurin da marubucin ya sa 144. A nan abin da ke kayar da mutane gudu ne, suna ƙara sauri ba su sani ba, musamman inda aka ce a ƙara ƙarfi. Simfoni ta 39 ta Mozart kuwa, babi na biyu, a ido ba ta da wuya, amma a ganina ita ta fi tona asiri. Ba inda za ka ɓuya. Tsayin kowane sauti mai ɗigo, da tsabtar murya, da yadda kake ƙare jimla, duk a fili suke. Kowane kayan kiɗa na da irin nasa: mai taramfet da buɗewar simfoni ta 5 ta Mahler, mai tirambon da Bolero na Ravel, mai ƙaramar ganga da Scheherazade.

Mataki na huɗu: rabon makonni

In kana da mako takwas, ga yadda nake ganin ya fi dacewa a raba su. Ukun farko na gini ne. Ka tsai da yatsun da za ka yi amfani da su da tafiyar baka, ka rubuta da fensir. Ka sa na'urar ƙirga bugu a rabin sauri, ka riƙa hawa da kaɗan-kaɗan, kada ka ƙara sai wurin ya fita tsaf sau uku a jere. Don gyaran murya, ka kunna doguwar murya guda ta ginshiƙin kiɗan tana tafiya, ka kaɗa a kanta a hankali. Kunne ya fi koyo a haka fiye da zura wa allurar na'ura ido.

Ka kasa tsakuren kashi uku: waɗanda ke ba ka tsoro, matsakaita, da waɗanda ka riƙe. Masu ban tsoro kullum, da safe, lokacin da hankali ke sabo. Sauran a juya su. Ɗan Adam yana son maimaita abin da ya iya don ya ji daɗin kansa, kuma a nan lokaci ke salwanta.

Daga mako na huɗu ka fara ɗaukar kanka a waya kullum. Tsakure ɗaya, karo ɗaya, sannan ka ajiye goge ka saurara da takarda a gabanka. Saurare na farko don bugu kawai, kana tafi da hannu ka ji inda ka ruga ko ka ja. Na biyu don murya. Na uku don amo da alamomin ƙarfi da laushi: shin bambancin da kake ji a ƙarƙashin kunnenka ya fito a waje? Yawanci bai fito ba. Ka rubuta abu biyu ko uku, ka gyara su, gobe ka sake.

Mataki na biyar: gwajin gida

Wannan ne matakin da ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. A mako biyu ko ukun ƙarshe, kowace rana ka shirya wa kanka gwaji na sosai. Ka rubuta sunayen tsakuren a ƙananan takardu, ka zuba a kofi, wani ya zaro biyar ya jera maka. Ka sa kayan da za ka sa ranar, har takalmin. Ka ɗumama hannu a wani ɗaki, sannan ka zauna minti goma ko ashirin ba ka taɓa goge ba, domin haka ake yi a can: a kira ka, sannan a bar ka tsaye a baranda yatsu na hucewa. Kafin ka shiga, ka hau bene da gudu ko ka yi tsalle har zuciyarka ta buga, saboda ka saba da riƙe baka a hankali alhali ƙirjinka na dukan uku-uku. Ka shiga, ka kaɗa daga farko zuwa ƙarshe. Ko me ya faru, ba tsayawa, ba komawa baya.

Ka sauya lokaci: yau ƙarfe tara na safe, gobe bayan la'asar. Ka sauya wuri: ƙaramin ɗaki mai labulaye da ke shanye sauti, da babban zaure mai amsa-kuwwa. Ka rataya zane tsakaninka da masu saurare, ka ce su yi abin da alƙalai ke yi, su yi tari, su motsa takarda, su katse ka da "mun gode" a tsakiyar jimla, ko su ce ka sake wannan wurin a hankali kuma da laushi. Wannan buƙata ta ƙarshe tana zuwa a gwaji na gaske, kuma alama ce mai kyau: suna son su ga ko kana jin magana kana sauyawa nan take, domin aikin okestura kenan kullum.

Ka nemi masu saurare da kake jin nauyinsu. Malami ɗaya da ke zaune a okestura ya fi abokai goma masu yabo, kuma yanzu ana iya samun darasi ta intanet. Ka kuma kaɗa wa wanda ba kayanka yake kaɗawa ba, domin a kwamiti akwai irinsa. Shi ba ruwansa da wahalar yatsunka, bugu da murya kawai yake ji.

Kowane tsakure ya samu tasa ƙa'idar farawa wadda ba ta canzawa: ka ji gaɓoɓi biyu na kiɗan a kanka, ka tuna kalma ɗaya da ke nuna yanayinsa, ka fitar da numfashi, ka fara. Daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar tsakanin tsakure da tsakure ba su yi yawa ba, ko da a lokacin za ka ji kamar ka daɗe.

Mataki na shida: jiki

Kada ka ninka awoyin atisaye rana ɗaya don gwaji ya matso. Haka jijiyoyin hannu da kafaɗa ke kumbura. Ka huta bayan kowane minti arba'in ko hamsin. Ciwon da ya kwana ya tashi, a kai shi wurin likita. Za ka ji makaɗa na maganar ƙwayar propranolol, maganin zuciya da hawan jini da ke rage rawar hannu. Da yawa suna sha, amma yana da haɗari ga mai asma da mai ƙarancin bugun zuciya, don haka ba a karɓarsa daga hannun aboki. In likita ya rubuta maka, ka gwada shi a gwajin gida tukuna.

Mataki na bakwai: tafiya da kayan aiki

Ba a fafe gora ranar tafiya. Sabbin tsirkiyoyi a sa su mako ɗaya ko biyu kafin ranar don su zauna, izgar baka ma haka. Ka riƙe tsirkiyoyin ajiya da ƙaro. Ka tambayi muryar da ƙungiyar ke saitawa a kai, wadda ake aunawa da yawan girgizar sautin a daƙiƙa: a Ingila 440 ne, a Amurka tsakanin 440 da 442, a Berlin da Vienna 443. Ka koma kan wannan muryar makonni kafin tafiya, musamman in mai busa ne kai.

Wanda zai taso daga yankinmu a lokacin hunturu ya kula da bushewar iska, domin tana tsaga katakon goge, tana kwance maɗauran tsirkiya, ta karkatar da jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi ke hawa. Ka ajiye abin riƙe danshi a cikin akwatin, ka isa garin kwana biyu kafin gwaji don kai da gogen ku saba da iskar wurin. Goge ba ya shiga cikin kayan da ake jefawa ƙasan jirgi. Ka binciki dokar kamfanin tun kafin sayen tikiti. Tsofaffin bakuna sukan zo da ɗan hauren giwa a kai, kuma yarjejeniyar CITES ta ƙasa da ƙasa, mai kare namun daji daga fatauci, ta sa ido a kansa a kan iyakoki, don haka ka nemi takardar shaida ko ka tafi da bakan da ba shi da shi. Biza kuma a fara nemanta ranar da gayyata ta iso.

Mataki na takwas: ranar gwaji

Za a ba ka lamba, a nuna maka ɗakin ɗumama hannu. A Jamus sau da yawa ɗaki ɗaya ne ga kowa, inda za ka ji mutum goma suna zuba Mozart ɗinka da gudun da ya fi naka. Kada ka saurare su, kada ka sauya ko yatsa ɗaya saboda abin da ka ji. Ka yi sikeli a hankali, ka taɓa farkon kowane tsakure, ka adana ƙarfinka. Ka zo da ruwa da ɗan abin ci, domin yini guda ake iya shafewa.

A bayan labule ba a magana. In kana da tambaya, ka raɗa wa jami'in da ke tare da kai, shi zai isar. Ka saita goge a waje. A ciki ɗan taɓawa kaɗan a hankali ya wadatar, kuma ka sani tun daga nan aka fara saurarenka. In ka yi kuskure, ka wuce. Sauti ɗaya da ya kauce ba ya cika kayar da mutum. Abin da ke kayarwa shi ne bugun da ke rawa, da muryar da ke karkace daga farko har ƙarshe, da kuskuren da ya haifi wasu uku saboda hankali ya tsaya a kansa.

Mataki na tara: bayan sakamako

Yawancin masu zuwa gwaji gida suke komawa hannu rabbana, wani lokacin ma ƙungiyar ba ta ɗaukar kowa. Mutane da yawa da ke zaune a manyan kujeru yau sai da suka faɗi sau da dama. A daren ranar, tun abin na sabo, ka rubuta abin da ya faru: me aka tambaya, a ina hannu ya yi rawa, me ka ci, awa nawa ka jira. Ka aika wa ofishin ƙungiyar gajeriyar wasiƙa cikin ladabi kana neman bayanan alƙalai, wasu suna bayarwa. In ka kai zagayen ƙarshe, ka tambaya ko za su sa ka cikin jerin masu maye gurbi. Ta wannan ƙofar mutane da yawa suka fara cin abinci.

In kuwa an kira lambarka, saura shekarar gwaji, wadda Jamusawa ke kira Probejahr, a Amurka kuma takan kai shekara ɗaya zuwa biyu kafin a tabbatar da mutum. A ƙarshenta abokan aiki ne za su yanke hukunci, kuma abin da suke dubawa ya bambanta da na ranar labule. Ka zo atisayen farko ka riga ka iya layinka, ka zauna a kujerarka minti goma sha biyar kafin lokaci, da fensir. Masu goge biyu-biyu suke zama a kan takarda ɗaya. In kai ne na ciki, wato wanda ya fi nisa da 'yan kallo, juya shafi aikinka ne, ka juya da wuri ba ƙara, ka kwafi alamomin baka daga teburin gaba ba sai an ce maka ba. Idonka ɗaya na kan jagora, ɗayan na kan shugaban sashenku, kuma in sun saɓa, sashenka za ka bi. Kada ka riga kowa shiga, kada sautinka ya rage a iska bayan na kowa ya ɗauke. Tambaya ta bi ta wurin shugaban sashe, ba a ɗaga hannu a tambayi jagora kai tsaye. Kada ka yi atisayen solon wani a bayan dandali inda zai ji ka, kada ka waiwaya ka kalli wanda ya yi kuskure. Idan aka kai rabin shekara ba wanda ya ce maka komai, ka je da kanka wurin shugaban sashe ka tambaye shi abin da yake so ka gyara, tun da sauran watannin gyarawa.